Munduwar Gwaggo da Dogaran Azurfa

 

A ƙarshen damanar da ta wuce na je gaida dangi a Ajekoriya, cikin gundumar Dakwaro ta jahar Maraɗi. Bayan an gama gaishe-gaishe an sha fura, sai gwaggona ta shiga ɗaki ta fito da wata munduwa ƙunshe cikin tsumma. Ta ce da ni: "Ɗana, ku da kuka yi lakkwal, duba mini wannan. Gadon uwata ce, na ajiye ta domin auren jikata, ga shi ta yi baƙi ƙirin. Ko dai tun asali cutar mu aka yi?" Na karɓa na juya ta, na rasa abin faɗi. Washegari na kai ta wurin wani dattijon maƙeri a bakin kasuwa. Ya auna ta a tafin hannu, ya goga gefe ɗaya da toka, farin ya fito. Ya ce: "Mushe, ka gaya wa tsohuwa ta kwantar da hankalinta. Azurfar gaske ce take yin irin wannan baƙin." Na ce: "Baba, me ke kawo shi?" Ya yi dariya ya ce shi ma haka ya taras, iska ce ke cin ta.

Maƙerin nan bai yi kuskure ba, iska ce. A cikin iskar da muke shaƙa akwai ɗan tururin farar wuta, wadda wasu ke kira kibiritu, irin warin nan da ke fita daga ruɓaɓɓen ƙwai. Da zarar ya sauka bisa azurfa sai su haɗu su zama wani baƙin sinadari da ke rufe fuskarta. Shi ya sa cokalin azurfa kan yi baƙi in an ci dafaffen ƙwai da shi, shi ya sa kuma zoben mai yawan yanka albasa ba ya daɗewa da haske. Zinariya ba ruwanta da wannan cuta. Ashe ke nan babban abokin gabar azurfa shi ne farar wuta. To, abin da ya sa na ɗauko wannan zance yau shi ne, masana kimiyya sun kama wannan abokin gaba sun mai da shi dogarin azurfa, kuma ta wannan hanya suka samu ganin yadda ƙwayoyinta ke zaune, ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da awo, tun da yawancinku ƴan kasuwa ne da ma'aikata, ba ku yarda da zancen da babu lissafi. Duk wani abu na duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra. A cikin giram ɗaya na azurfa akwai ƙwayoyin zarra da yawansu, in za a rubuta shi, sai a sa 56 a jera masa sifiri 20 a baya. Tsohuwar dalar Faransa ta azurfa, wadda kakanninmu suka riƙa kai wa maƙera a narke a yi kayan ado, nauyinta giram 25 ne, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Haka nan dalar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta, ta ɗan ɗara giram 28. Kowa ya yi nasa lissafin. Ma'aunin da ake auna irin waɗannan ƙananan abubuwa sunansa nanomita: a raba milimita ɗaya gida miliyan, a ɗauki gida ɗaya. Kaurin gashin kai guda yana tsakanin nanomita dubu 50 da dubu 100. Ƙwayar zarrar azurfa kuwa ba ta kai sulusin nanomita ba.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: in aka yi ta raba munduwa gida biyu, aka sake raba rabin, aka ci gaba har ya rage ƙwayoyin zarra ɗari ko hamsin, shin abin da ya rage azurfa ce irin wadda muka sani? Amsa ita ce halinta yana sauyawa. Farin nan da ƙyalli suna gushewa, wani launi ya fito. Mutanen da sun ci moriyar wannan ba tare da sun san dalili ba. A ƙarni na 9 na Miladiyya, zamanin daular Abbasiyawa, maginan tukwane na Iraƙi sun riƙa shafa haɗin azurfa da tagulla a jikin kwanukan yumɓu su gasa, su fito suna walƙiya kamar zinariya. A 1857 wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa zinariya in ta zama gari ƙanana ƙwarai a cikin ruwa, ja take komawa. Amma yadda ƙwayoyin ke jere a cikin wannan gari, ba wanda ya iya gani.

Wahalar kala biyu ce. Ta farko, ɗan curin azurfa tsirara ba ya zama lafiya: ko ya manne da ɗan'uwansa su zama babban dunƙule, ko iska ta cinye shi nan take. Ta biyu, in an dafa su a ɗakin gwaji ba sa fitowa girma ɗaya. Wani ƙwaya 40, wani 70, wani 300, kamar hatsin da ba a sheƙe ba. Maganin wahala ta farko shi ne a yi wa curin dogarai. Akwai wasu sinadarai da ke da kan farar wuta da doguwar wutsiya. Danginsu ne ke ba tafarnuwa warinta, su ne kuma ake zubawa cikin gas ɗin girki domin a ji wari in kwalba na yoyo. Kan farar wutar yana damƙe azurfar da ke bakin curin, wutsiya ta miƙe waje. In suka kewaye curin ko'ina, kamar yadda dogarai ke kewaye sarki ranar hawan salla, ba abin da ke iya kusantarsa. Masana na kiran waɗannan dogarai ligan.

Zinariya aka fara cin nasara a kanta. A 2007, a jami'ar Stanford ta Amurka, ɗakin binciken Roger Kornberg, wanda ya samu kyautar Nobel a 2006, ya bayyana tsarin wani curi mai ƙwayar zinariya 102 da dogarai 44. Azurfa ta fi gardama saboda saurin lalacewarta. A 2009 wani matashi ɗan Saudiyya mai suna Osman Bakr, yana karatu a Amurka, shi da abokan aikinsa suka dafa wani curin azurfa da ke fitowa iri ɗaya kullum. Sai a 2013 aka ga cikinsa, kuma ƙungiyoyi biyu ne suka kai ga haka cikin shekara ɗaya: ta Terry Bigioni a jami'ar Toledo ta Amurka, da ta Nanfeng Zheng a jami'ar Xiamen ta ƙasar Sin tare da Hannu Häkkinen na jami'ar Jyväskylä a Finland. Curin na da ƙwayar azurfa 44 da dogarai 30, ba ƙari ba ragi.

Ta yaya aka gani, alhali babu madubin likita da ke kai wa nan? Da irin hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda muke ce wa radiyo. In curin duka girmansu ɗaya ne, sai su jeru da kansu sahu-sahu su daskare kamar ƙwayar gishiri, yadda tubalin da aka buga da ma'auni ɗaya ke hawa kan juna ba tare da gini ya karkace ba. Sai a ɗauki ƙwaya ɗaya a haska ta. Hasken na ratsawa ya watsu ya bar ɗige-ɗige dubbai, kuma daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da ƙarfinsa ake lissafo mazaunin kowace zarra. Wannan dabara ta samo asali tun 1912 da 1913, daga Max von Laue na Jamus da wani uba da ɗansa ƴan gidan Bragg a Ingila. In kuwa curin sun bambanta da ƙwaya ko da biyu ce, jerin ba ya yiwuwa, hoton ma ba ya fita.

Ga abin da aka gani. Ku tuna tamaula irin ta da, mai baƙaƙen faci 12 da farare 20. A sa ƙwayar azurfa ɗaya a ƙarƙashin kowane baƙin faci, an samu 12, tsakiyarsu kuma fayau, babu kome. A ɗora ɗaya a kan kowane farin faci, an samu 20. Jimla 32, su ne cikin gida. Daga waje kuma akwai rumfuna 6, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, kowace rumfa da azurfa 2 da dogarai 5. Shida sau biyu 12, a tara da 32, ga 44. Shida sau biyar, ga dogarai 30.

Me ya sa 44, ba 43 ko 45 ba? Nan ma lissafin kanti ne. Kowace ƙwayar azurfa na da ɗan ƙaramin abu guda mai ɗauke da lantarki, wanda ake kira elektaron, da take iya bayarwa cikin asusun taro. Azurfa 44 sun zuba 44. Kowane dogari ya karɓi ɗaya ladan aikinsa, an fitar da 30, saura 14. Curin kuma na riƙe da rarar 4 daga waje, ya zama 18. To, a ƙa'idar waɗannan abubuwa akwai adadin da in asusu ya kai shi, sahu ya cika, curin ba ya neman ƙari ba ya son ragi: 2, 8, 18, 34, 58. Ku duba na zinariya da na ambata: 102 a debe 44, saura 58. A 2015 shi Osman Bakr, bayan ya koma gida yana koyarwa a jami'ar kimiyya ta Sarki Abdallah da ke Thuwal, arewa da Jidda, ya fito da wani curi mai azurfa 25 da dogarai 18 da rara 1: 25 a debe 18 a ƙara 1, ga 8. Wannan cikar sahu ce ta sa curin 44 ya yi ƙarko, har mutanen Toledo suka dafa giram 140 nasa a tukunya ɗaya, kusan duk azurfar da suka zuba ta koma shi.

Amma curin 44 bai zama ƙarfe ba tukuna. Halinsa na sinadari ne, kamar sukari ko shuni. Saboda haka aka ci gaba da neman manya. A 2016 mutanen Xiamen da na Jyväskylä, tare da abokan aiki daga Ostareliya da Jamus, suka buga a mujallar Nature Communications tsarin curi biyu: ɗaya mai azurfa 136 da dogarai 64, ɗaya mai azurfa 374 da dogarai 113. A wannan shekara ba a taɓa ganin cikin curi mai irin waɗannan dogarai da ya kai su girma ba. Babban faɗinsa wajen nanomita 3 ne. Domin ku gane, in da za a kumbura shi ya kai girman ƙwayar hatsi, ita ƙwayar hatsin da an kumbura ta daidai haka sai ta kai faɗin kilomita biyu zuwa uku.

A cikin na 374, ƙwayoyi 207 ne ke tsakiya, sauran 167 sun sarƙu da dogarai sun zama ɓawo. Abin mamaki yana cikin jerin na tsakiya. A munduwar gwaggo, ƙwayoyin azurfa na jere ne yadda mai lemo ke tara lemonsa a kan tebur, sahu bisa sahu. A cikin curin kuwa an samu yanki biyar, kowane da irin wancan jeri, sun haɗa kai a kan sanda ɗaya, kamar yadda ake gani in an yanka kuɓewa a tsakiya. Sai dai akwai ɗan giɓi: kowane yanki na cin digiri 70 da rabi, biyar ɗin sun tashi 352 da ɗoriya, kewaye kuwa 360 ne. Saura digiri 7 da ƴan kai babu mai cike su, tilas ƙwayoyin su ɗan miƙe su ɗan karkace domin a rufe. Ƙaramin curi na iya jure wannan matsi, babban dunƙule ba ya iyawa. An daɗe da sanin wannan giɓi a lissafi, amma a nan aka ga zahirin yadda kowace ƙwaya ta gusa.

Abu na biyu, a waɗannan manyan curi aka ga alamar ƙarfe ta bayyana. In haske ya faɗa musu, ƴan lantarkin nan na asusun taro sukan yi lilo gaba ɗaya, kamar gonar hatsi da iska ta kaɗa, su shanye wani launi daga cikin hasken su bar saura. Shi ne dalilin da garin azurfa cikin ruwa ke yin rawaya, na zinariya ya yi ja. Wato tsakanin ƙwaya 44 da ƴan ɗaruruwa ne azurfa ke fara zama azurfar da maƙeri ya sani.

Na san wani Alhaji zai ce: "To malam, mu ina ruwanmu?" Gaskiya ita ce waɗannan curi da na lissafa har yanzu kayan ɗakin bincike ne, ba su shigo kanti ba. Amma danginsu sun riga sun shigo mana gida. Duk wanda ya kai yaro likita aka ɗiga jininsa a ɗan farin allon gwajin zazzaɓin cizon sauro, jan layin da ke fitowa, a yawancin irin waɗannan alluna, garin zinariya ne ƙanana. Man da ake shafa wa wanda wuta ta ƙona a asibiti akwai mai azurfa a ciki, domin tana kashe ƙwayoyin cuta. Akwai tukwanen tace ruwa na yumɓu da ake shafa wa ruwan azurfa, dabarar da Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Guatemala a 1981. Siraran layukan da ke fuskar faifan sola da ke bisa rufin shagunanmu, galibinsu azurfa ce. A duk waɗannan, aikin yana gudana ne a fuskar ƙwayar, inda azurfa ke haɗuwa da ruwa ko jini ko iska. Wanda ya san yadda wannan fuska take, ƙwaya bayan ƙwaya, shi ke iya yin aiki mai yawa da azurfa kaɗan, kuma shi ke yanka farashi.

Akwai kuma gargaɗi. Tun da kalmar nano ta yi suna, sai ta zama abin talla. Ana sayar da ruwan azurfa cikin kwalabe, ana cewa a sha yana maganin kowace cuta. Tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a yarda da irin waɗannan a matsayin magani mai aminci ko mai aiki ba. Wanda ya daɗe yana sha, azurfar na taruwa a ƙarƙashin fatarsa ta mai da ita launin toka mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ta komawa. Abin da ke kashe ƙwayar cuta a kan ƙuna ko a jikin tukunya daban yake da abin da za a zuba a ciki. Ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan kaya da araha ya tuna cewa cinikin biri a sama ne: ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar, kuma in ta cutar da ɗan wani, sunansa ne zai ɓaci a gari.

Ga masu sayen azurfar ado kuwa, ga abin da kowa zai iya yi a shagonsa. Lambar 925 da ake bugawa na nufin kashi 92 da rabi cikin ɗari azurfa ne, amma buga lamba ba wuya. Akwai wani farin ƙarfe na tagulla da nikel da tutiya da ke kama da azurfa, alhali babu ko ƙwayarta a ciki. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, sai dai ba ya kama tagulla ma, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. Wanda ya fi shi ne na nauyi: giram 105 na tsantsar azurfa, in an nutsa shi cikin ruwa, mililita 10 kawai yake turewa, na jabun mai nauyi ɗaya zai ture wajen 12. In kuma ta yi baƙi, goge ta da toka na cin jikinta kaɗan-kaɗan. Ya fi kyau a sa ta cikin tukunyar alminiyam, ta taɓa gindin tukunyar, a zuba ruwan zafi da kanwa. Farar wutar za ta saki azurfa ta koma wa alminiyam, a ji ɗan warin ƙwai, azurfar ta tsaya inda take. Haka muka yi wa munduwar gwaggo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga talakawanmu. A ƙasar Dakwaro, azurfar mace ita ce bankinta. A farin 1973 da na 1984 iyalai da yawa sun sayar da kayan adonsu sun sayi hatsi. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, mai takardar kuɗi a ƙarƙashin katifa ya kwana da rabin dukiyarsa, mai munduwa kuwa nauyinta bai ragu ba. Duk wanda ya sayar wa baƙauya farin ƙarfe da sunan azurfa, ajiyar ranar wuya ya sace mata.

Daga nan nake juyowa gare ku ma'aikatan gwamnati. Ma'aikacin duwan da ke bakin iyaka, da na kiwon lafiya, da mai kula da awo a kasuwa, yaya za su hana jabu in ba su da wurin gwaji kusa? Ƙasarmu ta fara haƙo uraniyum a Arlit tun 1971, zinariyar Samira ta fara fita a 2004, ta Jado ta ɓarke a 2014. Muna fitar da dutse da buhu, ana mayar mana da shi cikin ɗan kwali da tsada, kuma abin da ya shiga tsakani ilimi ne kawai. Ba kuwa baƙon abu ba ne gare mu. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi ta binciken hasken rana a nan gida har rasuwarsa a 1991. Jami'ar Maraɗi an sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya ɗan garin. Ɗan Saudiyyar da na ambata ma, ya je waje ya koyo, ya dawo ya taras an gina masa ɗakin aiki.

Ban ce gobe a dafa curin 374 a Ajekoriya ba. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. Alhazan Maraɗi, Allah ya saka musu, sun gina masallatai sun haƙa rijiyoyi. In da goma daga cikinsu za su haɗa kai su sayi sikeli mai kyau da kwalabe da sinadaran gwaji ga makarantun sakandare na gundumar Dakwaro, su kuma ɗauki nauyin ɗalibi biyu ko uku masu karatun kimiyyar sinadarai har su ƙare, da sun yi sadaka mai gudana, da kuma sun sama wa kasuwarsu mai gaya musu gaskiyar kaya kafin su zuba kuɗi. Su kuma hukumomi, a ba waɗannan yara aiki in sun gama, kada su koma sayar da katin waya.

Munduwar gwaggo dai ta koma cikin tsummanta fara tas, tana jiran biki bayan girbi. Na gaya mata ta riƙa ɗaure ta cikin leda kada iska ta same ta, ta ce to, amma na ga alama tsumman uwarta ta fi yarda da shi.